Daga Gona Zuwa Fuloti: Tarihin Unguwannin Bayan Ganuwar Kano

Birnin Kano ya yi ƙarnoni da dama iyakarsa a fili take ga kowa, domin ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da Kanawa suke kira badala, ita ce ta raba cikin birni da waje. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta soma gina ta ga Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, sannan sarakunan da suka biyo baya, musamman Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, suka faɗaɗa ta har ta kewaye fili mai yawan gaske. Sai dai ba gidaje kaɗai ganuwar ta rufe ba. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba, ragowar kuwa gonaki ne da lambuna da fadamu, kuma Heinrich Barth na Jamus ya tarar da kusan haka a 1851. Hikimar hakan ita ce idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, mutanen ƙauyukan kusa suna da inda za su shigo da dabbobinsu, kuma akwai ƙasar da za a noma abinci ba tare da an fita ƙofa ba. Ke nan bakin garin Kano na farko a cikin ganuwa yake, kuma birnin ya daɗe yana girma a kan gonakinsa na ciki kafin ya soma cin na waje.

Abin da ke bayan ƙofofi, daga Ƙofar Kabuga zuwa Ƙofar Dawanau, daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Mazugal, shi ma ba daji ba ne. Karkara ce mai cike da jama'a, wadda kusan kowane taku nata yana da mai shi. Akwai gonakin talakawa da ake gada daga uba zuwa ɗa, akwai kuma gandun sarki da na masu sarauta da attajirai, wato manyan gonaki da a ƙarni na 19 bayi ne suke noma akasarinsu, suna zaune a ƙauyukan da ake kira rinji. Sarakuna suna da gidajen hutawa a Fanisau da Dorayi da Nasarawa, kuma a Fanisau ne Clapperton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo, lokacin da garin yake ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, saboda yaƙin da ake yi da wani abokin gaba mai suna Ɗan Tunku. Unguwar Gandun Albasa ta yau tana ɗauke da sunan irin waɗannan gonaki, kamar yadda Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Giginyu suke ɗauke da sunayen rijiyoyi da itatuwan da matafiya suke gane wuri da su.

Dangantakar birni da wannan karkara ta ginu ne a bayan jaki. Da rani manoma sukan kora jakuna zuwa birni ɗauke da itacen girki da kara da hatsi, su dawo da mangala cike da taki, wato kashin dabbobi da toka da sharar gidaje, su zuba a gonakinsu tsibi tsibi kafin faɗuwar damina. Wannan taki shi ya ba su damar noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, abin da ya sa ƙasar ta iya ɗaukar jama'a masu yawan da ba kasafai ake samun irinsu a karkarar Afirka ta Yamma ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin a shekarun 1960, ya nuna yadda manoman suke kula da itatuwan gona irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo kamar yadda suke kula da amfanin gona, suna sassabe reshe ba tare da sun kashe itace ba. Iyakokin gonaki an shata su da gamba ko da shingen itatuwa, a tsakaninsu kuma an bar burtali, wato hanyar da aka killace gefe da gefe domin shanu su wuce zuwa mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba. Waɗannan iyakoki da hanyoyi suna da muhimmanci ga duk mai son fahimtar unguwannin da suka biyo baya, domin a kansu aka ɗora su.

Unguwar farko ta sosai da ta kafu a wajen ganuwa ita ce Fagge, wadda ruwayoyi suke mayar da asalinta zuwa zamanin Rumfa. Zango ce, wato masaukin ayari, inda Buzaye da Azbinawa masu kawo gishirin Bilma suke sauke raƙumansu, domin raƙumi yana bukatar fili da kiwo da ba za a samu a lungunan kasuwar Kurmi ta cikin birni ba. Tun daga nan aka san waje a matsayin wurin baƙo da kaya masu nauyi da sana'ar da ba ta dace da cunkoson birni ba.

Zuwan Turawa ne ya mayar da wannan bambanci doka. Bayan sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sabbin masu mulki ba su zauna a cikin birni ba, sai suka kafa ofisoshinsu da gidajensu a gabas, wajen Nasarawa da Bompai. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Sham, waɗanda Kanawa suke kira Kwara, suka kafa kantuna kusa da tasha, ma'aikatan jirgi da akawuna da masu sana'a daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas suka yi ta zuwa. Domin su aka yanka Sabon Gari a 1913, aka auna shi layi layi, tituna a miƙe suna gitta juna, kowane fuloti da lambarsa, aka kuma ajiye shi ƙarƙashin jami'in Bature maimakon sarki har zuwa 1940. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga sauro da cuta. 'Yan Arewa da ba Kanawa ba, leburori da tsofaffin sojoji da masu neman aiki, su kuma suka taru a Tudun Wada da Gwagwarwa, wadda ake kira Birged. Duk waɗannan wurare tare aka kira su Waje, kuma a cikinsu ne gidan haya ya zama ruwan dare: gida mai ɗakuna jere kewaye da tsakar gida ɗaya, iyalai da dama da ba su haɗa jini ba suna tarayya a rijiya da banɗaki da madafa, tsarin da ya sha bamban da gidan gado na cikin birni inda dangi ɗaya suke zaune bayan zaure ɗaya.

Ta fuskar ƙasa ma an sake lale. Sanarwar da Turawa suka yi a 1910 ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun gwamna, yana riƙe da ita a madadin jama'a, kuma abin da mutum yake da shi haƙƙin amfani ne ba mallaka ba. Dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da wannan ƙa'ida, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta shimfiɗa ta a kan Nijeriya baki ɗaya, ta ba gwamnan jiha ikon ƙasar birane, ta kuma taƙaita diyya ga abin da mutum ya gina ko ya shuka, ban da ita ƙasar kanta. A takarda ke nan. A ƙauyukan kewayen Kano kuwa an daɗe ana sayar da gona da jinginar da ita da raba ta gado bisa shari'ar Musulunci, a gaban dagaci da mai unguwa da shaidu, kuma babu manomin da ya taɓa ɗaukar gonar kakansa a matsayin aro daga gwamna. Tazarar da ke tsakanin abin da doka ta faɗa da abin da jama'a suka sani a ransu ita ce ta haifi yawancin unguwannin bakin garin Kano.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin riga girman birnin. A farkon shekarun 1960 aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, masanin tsara birane B. A. W. Trevallion ya fitar da taswirar shekara ashirin da aka yi nufin ta ja ragamar gini daga 1963 zuwa 1983. Amma al'amura sun fi taswirar sauri. A 1967 Kano ta zama babban birnin jiha ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo, masana'antu suka cika Bompai suka tsallaka zuwa Sharaɗa da Chalawa, kuɗin man fetur ya shigo, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 kuma ya turo dubban mutane daga karkarar Arewa da Nijar zuwa birni. Garin da ƙidayar 1952 ta ba shi mutum kimanin 130,000 ya kai kimanin miliyan 2.8 a ƙidayar 2006, idan aka haɗa ƙananan hukumomi takwas na Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Filayen da hukuma ta auna ta raba a wurare irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Tarauni da Hotoro ba su kai ko kusa da bukata ba, kuma samunsu yana bukatar takardu da jira da sanayya da talaka ba shi da su.

Dorayi misali ce mai kyau ta abin da ya faru, saboda an yi sa'a an rubuta yadda take kafin birni ya iso ta. Masaniyar tattalin arzikin karkara Polly Hill ta yi bincike a can a farkon shekarun 1970, ta tarar da gidaje a warwatse cikin gonaki maimakon a dunƙule kamar gari, wasunsu manya ƙwarai har mutum fiye da ɗari suna zaune a gida ɗaya, domin ƙasa ta yi ƙaranci ta yadda ɗa ba ya samun wurin da zai fita ya kafa nasa. Ta kuma nuna cewa gonaki sun riga sun yi ƙanana saboda rabon gado, magidanta da yawa ba sa noma abin da zai ciyar da su shekara, sai sun haɗa da wata sana'a ko cin rani. Manomin da yake cikin wannan hali, idan ya ga jami'ar Bayero ta kafu a gefensa, ya ga titi ya zo, ya kuma ji labarin maƙwabcinsa da gwamnati ta karɓi gonarsa ta biya shi kuɗin itatuwa kawai, ba abin mamaki ba ne ya yanke shawarar sayarwa da hannunsa tun kafin a zo a karɓa.

Hanyar da ake bi wajen wannan sayarwa ita ake kira awon igiya, saɓanin awon gwamnati. Mai gona, ko magadansa, ko wani mai kuɗi da ya saye gonar ɗungurungum, yakan kira dillalin filaye da mai awo, su zo da igiya ko tef, su yanka gonar fuloti fuloti, su kafa turaku ko su dasa bulo a kowace kusurwa. Girman fulotin yakan zama ƙafa hamsin da hamsin ko hamsin da saba'in da biyar, wanda ba shi da ƙarfi kuma ya sayi rabi, wani ma rabin rabi. Ana rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu ya karɓi nasa kason, shaidu su sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Wannan takarda ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba, banki ba ya karɓar ta jingina, amma a idon unguwa ta wadatar, kuma da ita ake sake sayarwa da rabon gado. Ta wannan hanya aka gina mafi yawan Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa a arewa, Dorayi da Ja'en da Sheka a kudu da yamma, Rimin Kebe da Dakata da sassan Hotoro a gabas. Adalci ne a faɗi cewa awon igiya ya ba leburan kamfani da ɗan kasuwar tebur da malamin makaranta damar mallakar muhalli a lokacin da hukuma ta kasa ba su, kuma ba don shi ba da miliyoyin mutane ba su da wurin sa haƙarƙarinsu a Kano.

Illarsa tana cikin yadda ake yin sa gona bayan gona. Kowane mai gona iyakar gonarsa yake aunawa, kuma duk taku ɗaya da ya bari domin hanya asara ce a gare shi, saboda haka yakan bar lungun da bai wuce a tura kura ba. Maƙwabcinsa, wanda zai yanka tasa gonar bayan shekara biyu ko biyar, ba dole ba ne ya daidaita lungunsa da na farko, shi ya sa ake samun layin da ya miƙe sai ya karye ba dalili, ko ya ƙare a jikin katangar wani. Wanda ya san wurin tun yana gona zai iya nuna cewa karyewar nan iyakar gonar wane ce, titin nan mai ɗan faɗi da ya yi lanƙwasa kuma tsohon burtali ne ko hanyar jakuna zuwa birni. Babu wanda aikinsa ne ya ware filin makaranta ko asibiti ko kasuwa ko maƙabarta, sai dai idan wani mai hali ya bayar sadaka, kuma abin lura ne cewa filin masallaci shi ne kusan kullum ake samu, domin shi ne wanda mutane suka fi saurin bayarwa saboda lada.

Gini a irin waɗannan unguwanni ba a yin sa lokaci ɗaya. Mai fuloti yakan fara da kewaye shi domin kada a ci masa iyaka ko a sayar wa wani, sannan ya haƙa rijiya da masai, ya tayar da ɗaki ɗaya ko biyu ya rufa kwano ya tare da iyalinsa, ragowar kuma sai yadda hali ya yi, wani lokaci shekara goma ana abu ɗaya. A shekarun farko da tubalin ƙasa ake gini, ana haƙo ƙasar a nan kusa, ramin ya zama kududdufi, daga baya bulon siminti ya maye gurbinsa. Ginin da aka soma aka bari, wato kango, yana da nasa amfanin: a ciki ake shuka kuɓewa da masara da damina, a ciki malamin allo da ya zo daga ƙauye yake sauke almajiransa da izinin mai shi, wani lokaci kuma ya zama maɓoyar ɓata-gari, abin da yake sa unguwa ta kafa ƙungiyar 'yan sintiri. Tsarin gidan ya riƙe abin da Bahaushe ya fi ba muhimmanci, wato sirrin cikin gida, ƙofa ba ta kallon tsakar gida kai tsaye. Abin da ƙarancin fili ya matse shi ne zaure, ɗakin shiga inda maigida yake karɓar baƙi, ake karatu, ake saƙa ko ɗinki. A gidaje da yawa ya koma ɗan soro na wucewa, filinsa kuma aka mayar da shi shago mai kallon titi, ko dai maigida ya yi sana'a a ciki ko ya bayar haya ya sami na cefane.

Da zaure ya ƙanƙance, ayyukansa sai suka fito waje. Dakalin ƙofar gida da inuwar darbejiya da benci a gaban mai shayi suka zama majalisa, wato wurin zaman maza na yau da kullum, inda ake jin labarin aiki da na fili da na siyasa. Ɗaurin aure da zaman makoki da walimar sauka duk a layi ake yin su, a kafa rumfa a toshe hanya, kuma maƙwabta sun yarda da hakan domin kowa zai bukaci irinsa. Yara suna ƙwallo a fulotin da ba a gina ba har ranar da tifa za ta sauke yashi. Mata kuwa, waɗanda yawancinsu a cikin gida suke sana'a, tattalin arzikinsu yana tafiya ne ta hannun yara masu talla da ta ƙofofin da ke tsakanin maƙwabta, da adashi da bikin suna da makarantar Islamiyya ta dare ko ta ƙarshen mako, wadda ta zama babban wurin haɗuwarsu.

Ruwa da hanya su ne wahalar da ta fi ci wa mazauna tuwo a ƙwarya. Kano ta sami ruwan famfo daga Chalawa tun farkon shekarun 1930, amma bututu bai bi unguwannin awon igiya ba sai kaɗan, saboda haka dogaro ya koma kan rijiya da burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki, kuma sau da yawa talakan bakin gari ya fi mai famfo a Nasarawa biyan kuɗin ruwa. Turakun lantarki da taransifoma da kwalbati da yawa da kuɗin karo-karo aka samar da su ta hannun ƙungiyoyin ci gaban unguwa, waɗanda suke yin aikin gayya su yashe kwata kafin damina. Lungunan da mota ba ta shiga su suka ba acaɓa kasuwa, har zuwa lokacin da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairu na 2013, A Daidaita Sahu mai ƙafa uku ta gaje shi.

Asarar da ta fi girma, wadda kuma ba ta da sauƙin gyara, ita ce ta filayen da ba na kowa ba amma kowa yana amfana da su. Kududdufai, duk da ƙazantarsu da sauron da suke tarawa, su ne suke shanye ruwan sama, kuma da fili ya yi tsada sai aka riƙa cike su da shara ana yankawa ana sayarwa, ruwan da ya rasa wurin zuwa ya koma cikin ɗakunan mutane duk watan Agusta. Burtali ya zama layi, makiyayi ya rasa hanya. Maƙabartu sun cika, wasu ma an ci gefensu. Itatuwan ɗorawa da tsamiya da manoma suka raina shekara da shekaru an sare su a rana ɗaya domin sun faɗo tsakiyar fuloti. Ba daidai ba ne a ɗora laifin wannan duka a kan manomin da ya sayar ko talakan da ya saya, domin ware hanya da magudanar ruwa da filin makaranta aiki ne da hukuma kaɗai take da ikon tilasta shi, kuma lokacin yin sa shi ne kafin a yanka gona, sa'ad da bai wuce a ja layi a ƙasa ba. Hukumomin tsara birni, daga KASEPPA zuwa KNUPDA da ta gaje ta, sun fi zuwa bayan an gama gini, sa'ad da buɗe titi ɗaya yake nufin rushe gidaje da biyan diyya mai yawa.

Noma bai ɓace gaba ɗaya ba. A gefen kogin Jakara da rafin Getsi har yanzu masu lambu suna noman latas da alayyafo da karas da ruwan da ya fito daga gidaje da masana'antu, abin da yake ciyar da iyalai da yawa yake kuma tayar da damuwa game da lafiyar masu ci. Takin birni ma ana kai shi gona, sai dai a tifa maimakon jaki, kuma cike yake da leda da manomi zai tsince kafin ya baza. 'Ya'yan waɗanda suka sayar da gonakinsu da yawa sun koma birkiloli da masu buga bulo da dillalan filaye da direbobi a unguwar da aka gina a kan gonar iyayensu. Kasuwannin kaya masu nauyi sun bi sawun Fagge ta dā sun koma baki: hatsi a Dawanau, kayan gwari a 'Yankaba, lemo da katako a Na'ibawa.

Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin jiha ta gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a bakin gari, da tituna masu faɗi da magudanan ruwa da aka tsara tun farko, amma farashinsu ya fi ƙarfin irin mutanen da suke sayen rabin fuloti. Su waɗannan sun ci gaba da matsawa gaba inda ƙasa take da sauƙi, ta hanyar Zariya da ta Gwarzo da ta Katsina da ta Haɗeja da ta Madobi, har gine-gine sun shiga ƙasar Dawakin Kudu da Tofa da Dawakin Tofa da Gezawa, inda dagatai da masu unguwanni suke sa hannu a takardun cinikin gonakin da ake yankawa da igiya kamar yadda aka yi a Kurna da Dorayi a shekarun 1970 da 1980.